Majigin Bambo Kamwendo Ya Rasu Cikin Anko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido jawur, da wuyan da ya kasa ɗaukar kai, Bambo Fostino Kamwendo, malamin ilimin halittu a Sakandaren Jeka-ka-dawo ta Kamphande, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙiya ma tunda sun fi yawa, rasuwar abin ƙaunarsa, ɗan farinsa, sanyin idonsa, wato majigin makaranta. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da hantsi, a ajin 'yan shekarar ƙarshe, a gaban baƙi, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya cika yana da shekara tara a hannunmu, sanye da sababbin kaya.

Kamata ya yi mai rashin, Bambo, wato Baba ko Malam a harshenmu, ya rubuta wannan sanarwa da hannunsa. Ya zauna zai yi, ya riƙe biro, ya kasa jan ko layi ɗaya, ya ce baƙin ciki ne. Mu abokan aikinsa na ɗakin malamai mun san rabonsa da rubuta layi uku a jere tun zuwan marigayin, amma gidan makoki ba wurin gardama ba ne. Muka ce Allah Ya ba shi haƙuri, muka karɓi biron, muka rubuta da sunansa.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa. Ya iso Kamphande cikin kwali, a bayan motar wata ƙungiyar agaji, tare da farantan sola da batir da kwamfuta ƙarama. Waɗanda suka kawo shi sun faɗa da bakinsu, a gaban sarkin gari da iyayen yara, cewa na makaranta ne gaba ɗaya, kowane malami ya yi koyarwa da shi. To a ranar Bambo Kamwendo kaɗai ya san ramin da ake soka waya, don an taɓa tura shi wani taron bita a birni, ya ci kaza ya dawo da takardar shaida. Da yamma ya rungumi kwalin ya nufi gida, wai kada sanyin tsaunukan Dedza ya kama shi a ofis. Tun daga ranar majigin bai sake kwana a makaranta ba. A ɗakin barcin Bambo yake kwana, a kan kujerarsa ta musamman, an lulluɓe shi da tawul. Farin ƙyallen da yake haskawa kuma zanen gadon auren matarsa ne, Nankhoma, wanda ta ajiye a ƙasan akwati don manyan baƙi. Ya ciro shi ya kafe shi da ƙusa a kan allon aji, ita kuma ta samu labari a bakin rijiya.

Yana kiran majigin ɗan farinsa a gaban kowa. Yana da 'yar fari ta gaske, Tiyamike, wadda a lokacin ko karatu ba ta iya ba. Ta girma tana jin sunanta a jikin wani.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta, marigayin ɗan kirki ne. Bai taɓa neman ƙarin albashi ba, bai taɓa shiga yajin aiki ba, bai taɓa zuwa aji da warin giya ba. Ranar da aka fara kunna shi, ya ce ƙit, ya ja dogon numfashinsa, fuuuuu, sai ga jini yana gudu cikin jijiya a jikin bango, jajayen ƙwayoyi suna turereniya. Yara suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe. Iyaye suka leƙo ta taga suka manta da garmar da suka jingine. 'Ya'yan manoman dankali da ba su taɓa wuce kasuwar Lizulu ba, marigayin ya kai su cikin huhun mutum da ƙarƙashin teku, ya nuna musu yadda ƙwayar wake ke tsagewa a ƙasa. Wannan aiki ne da allinmu ba zai iya ba ko da za mu ƙarar da kwali guda, kuma ba mu taɓa musun hakan ba. Duk abin da ya biyo baya, babu laifin marigayi a ciki, shi abin da aka sa shi kawai ya sani.

Ga yadda Bambo Kamwendo ya tsara zamansu. Ya kafe barguna a kan tagogin ajin da ƙusa, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ajin ya zama duhu dunɗum rani da damina. Yara su shiga suna laluben benci. Shi kuma ya zauna can baya, ya ɗora ƙafa a kan kujera, ya ɗaga rimot ya danna. Daga nan wata Baturiya da ke magana ta hanci ta karɓi aiki, ita ce da bayani, ita ce da zane, ita ce da tambaya, ita ce da amsa. Abin da ake ji daga bakin Bambo a duk tsawon darasi bai wuce "Ku kalla, ku yi shiru" ba, sai kuma ƙarar ɓare gyaɗa. Hotunan bidiyon da ke cikin kwamfutar ba su da yawa, kuma bai taɓa wahalar da kansa neman ƙari ba. In ruwa ya sauka, a sa bidiyon zuciya. In ya kwana da gajiya, a sa na zuciya. In ya manta inda aka tsaya, a sa na zuciya. Wannan na zuciyar shi ne abin alfaharinsa, yakan ce ko a Lilongwe, babban birnin ƙasa, ba kowa ke da irinsa ba.

Mu kuwa ya raɗa mana suna mutanen zamanin alli. In ya wuce kusa da ɗayanmu sai ya karkaɗe kafaɗar kwat ɗinsa, wai ƙura. Malamar labarin ƙasa ta taɓa roƙonsa aron majigin na rabin safiya, tana so yara su ga teku, don ta gaji da zana shi da hannu suna tambayarta ko ya kai dam ɗin gari girma. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce mata majigi ba turmi ba ne da ake yawon aro da shi gida-gida. Shugaban makaranta ya sa baki, Bambo ya ce to ya zo ya kunna da kansa. Shugaban ya dubi wayoyin, ya tuna yana da wani aiki a ofis.

Doka ɗaya ce a ajin, kuma kowa ya san ta: duk wanda inuwarsa ta faɗa kan farin ƙyalle, zai haƙa rami daidai tsayinsa a bayan makewayi. Haƙar rami ba baƙon horo ba ne a wajenmu, duk mun haƙa muna yara, amma mu sai ka yi sata ko ka zagi malami. A wurin Bambo Kamwendo, ka miƙe fitsari rami, ka sosa kai rami, ka yi atishawa kanka ya shiga haske rami. Bayan makewayin Kamphande yanzu awaki ma da hankali suke ratsa shi.

Bara abin ya faɗo kan Tiyamike. Ta girma, ta shigo ajin ubanta, doguwa ce har ta kere shi. Ana tsakiyar na zuciya ta ɗaga hannu za ta yi tambaya, ta manta inda take zaune, sai ga yatsu biyar baƙi ƙirin a kan zuciyar Baturiya. Bambo ya dakatar da hoton. Bai tambaye ta me take so ba. Ya ce doka ba ta san 'yar malami ba, kuma yana so kowa ya shaida shi mutum ne mai adalci. Yarinyar ta yi kwanaki tana haƙa bayan an tashi, ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. In ya zo dubawa sai ya sa ta shiga ta tsaya, ya ga gashin kanta ya leƙo, ya ce a ƙara. Nankhoma ta yi kuka, ta yi gaba da shi, ya ce mata ita ba ta san tarbiyya ba. Tun daga ranar babu ɗan da ya sake ɗaga hannu a ajin, shi kuma yana yawo yana cewa ajinsa ya fi kowane aji fahimta, tunda ba mai tambaya.

A farkon wannan zango labari ya zo. Wata cibiyar horar da malamai a Lilongwe na neman mutum ɗaya daga ƙauye, wanda ya ƙware wajen koyarwa da na'ura, ya je ya koya wa sauran malamai. Akwai gida mai famfo a ciki da wutar lantarki, akwai ofis mai fanka. Sunan Bambo Kamwendo na cikin waɗanda aka ware, saura kawai wata jami'a, Mayi Chatsika, ta zo ta kalli darasinsa guda ta sa hannu. Wannan kujera ita ce duk abin da ya sa a gaba tun ranar da ya rungumi kwali. Shekarunsa sun ja, ya san in wannan ta wuce shi babu wata, a Kamphande zai tsufa yana shaƙar ƙurar allin wasu.

Bai jira sa hannu ba. Ya sa Nankhoma ta ɗaure kaya. Ya ba ƙaninta garmarsa kyauta, ya ce a Lilongwe ba a noma. Ya miƙe a coci ya yi ban kwana, har da share hawaye. A ɗakin malamai ya yi mana alkawarin ba zai manta da mu ba, zai riƙa aiko mana ɗaya bayan ɗaya ya koya mana yadda ake danna maɓalli, zai fara da masu ƙaramin kai don su fi buƙatar lokaci. Muka yi masa godiya.

Kamar yadda aka saba in babbar baƙuwa za ta zo, makaranta ta fitar da anko, atamfa shuɗiya mai zanen zakaru. Kowane malami aka yanka masa nasa da na matarsa, matan za su tsaya bakin hanya su yi waƙar tarba. Bambo ya karɓo yadi biyun ya shiga gida, ya dubi Nankhoma, ya dubi majigi. Ya ce a ransa, ranar da kowa zai fito da ado, yaya za a yi mai bikin ya fito tsirara? Ya ɗauki rabon matarsa ya kai wa telan bakin kasuwa, ya kai marigayin da kansa aka auna shi gaba da baya. Ya ce a ɗinka riga ta kama jiki tsam, a sa shafi mai kauri don ta tsaya da kyau, a yi zif a ƙasa, a bar ƙofa ɗaya tak ta ido da ɗan rami na waya. Ramukan da ke gefen marigayin, inda iska mai zafi ke fita, ya ce a rufe su da babban zakara, don dama su ne munin jikinsa. Tela ya yi aiki mai kyau, ba mai kushe ɗinkin.

Da safiyar Alhamis ya shigo da shi ɗakin malamai a rungume, yana juya shi mu gani. Malamin kimiyyar lantarki ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka kan farin alli a hannun rigarsa. Ya tuna shi ɗan wane zamani ne, ya ce kai, wannan ɗinki ya yi, zakaran ya zauna daidai. Nankhoma kuma ta tsaya a layin mata da tsohon zanenta, ita kaɗai ja a cikin shuɗi, tana tafi ba ta waƙa.

Watan Oktoba ne, kowa ya san yadda kwanon rufi ke ɗaukar zafi a wannan wata. Aka cusa yara cikin ajin, aka ƙara da shugaban makaranta da malamai da wakilan iyaye, aka ba Mayi Chatsika kujera a gefe. Mace ce gajeruwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Aka rufe ƙofa, aka toshe tsumma. Bambo ya yi jawabin maraba mai tsawo a kan zamani da waɗanda zamani ya bari a baya, alhali tun kafin baƙuwa ta shigo marigayin yana kunne cikin rigarsa, yana jira. Sannan ya ɗaga rimot ya sa na zuciya.

Waɗanda ke kusa sun shaida cewa tun farko numfashin marigayin ba daidai yake ba. Maimakon fuuuuu ɗin da aka saba, sai ya koma huuu-huuu, kamar tsohon da ke hawan dutse da buhu a ka. Can ya fara gir-gir-gir. Baturiya na cikin bayani, hoton ya ɗauke, marigayin ya suma. Bambo ya yi 'yar dariya ya ce wa baƙuwa ɗan nasa kunya yake ji, bai saba ganin manya ba. Ya danna, ya farfaɗo da shi. Aka ci gaba kaɗan ya sake suma, ya sake tayar da shi da ƙarfin tsiya. Jar fitilar da ke gargaɗi tana ta ƙyaftawa a ƙarƙashin fiffiken zakara, ba mai ganinta. Wari ya fara tashi, irin na roba a murhu. Marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai Baturiya daidai inda take cewa jini yana shiga ɗakin dama na sama, sannan ya ce fuu, fuu, fu, tau. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe a duniya.

Duhu ya rufe ajin, ba ka jin komai sai dannar rimot, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Can daga baya wata murya ta ɗauki jimlar daga inda ta yanke, ta hanci, sak muryar Baturiya, ta ce daga nan sai ya gangara ɗakin dama na ƙasa. Wata ta kama, wata ta kama, kafin ka ce kwabo ajin duka ya ɗauka baki ɗaya. Ba su tsallake kalma ba. Inda Baturiya ke tsayawa ta ja numfashi suka tsaya suka ja. Samarin baya suna yin kiɗan bidiyon da baki, na gefe suna buga benci dum-dum, dum-dum, bugun zuciya. Suka kai jini huhu suka dawo da shi, suka zagaya da shi jiki, suka rufe da cewa in kun ji daɗin wannan darasi ku danna babban yatsa, sai mun haɗu a na gaba. Wasu iyaye suka fara tafi, suna zaton shiri ne.

Mayi Chatsika ta ce a cire bargunan. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sai da aka yaga. Rana ta faɗo cikin ajin da ta shekara tara ba ta shiga ba, ƙura ta tashi, yara suna runtse ido. Ga Bambo Kamwendo a tsaye a tsakiya, zufa ta jiƙa zakarun rigarsa, ga hayaƙi siriri na fita daga wuyan rigar ɗan farinsa. Baƙuwar ta ce ba komai, na'ura takan mutu ko'ina, shi ya sa ake neman malami ba mai gadin na'ura ba. Ta ce a yaye farin ƙyallen, ya zana musu zuciyar a allo ya ƙarasa darasinsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka miƙo masa alli, ya riƙe shi kamar an ba shi kunama. Ya ja layi, allin ya karye. Ya ɗauki guntun ya zana wani abu. Har yanzu ɗakin malamai bai daidaita a kan ko mene ne ba, wasu sun ce dankali ne, malamar labarin ƙasa ta rantse taswirar gundumarmu ce. Ya raba shi gida huɗu, ya tsaya yana kallonsa, ya kasa tuna wanne ne dama, don shekara tara daga baya yake hango shi, rabin ido a rufe. Ya rubuta harafi ɗaya ya goge da hannun riga.

Mayi Chatsika ta ce ya bar zanen, zane baiwa ce. Ta ce ya kira ɗalibi ɗaya ya yi masa tambaya, su ga yadda suke hira da yaransa. Bambo ya juyo ya dubi ajin. Fuskoki ne cike da benci, duk suna kallonsa, shi kuma ƙeyarsu kawai ya sani, ita ma a duhu. Ya nuna wani ya ce kai, mai kunnuwan nan.

"Da suna, Bambo," in ji baƙuwar.

Ya bi layi na farko da ido, ya bi na biyu. Waɗannan yara shekara huɗu suna hannunsa, rabinsu sun haƙa masa rami. A duk ajin suna ɗaya ya sani, shi ma don shi ya raɗa shi. Ya kira Tiyamike, muryarsa na roƙo, kowa ya ji.

Ta miƙe da tsawonta, ta ɗan rusuna kamar yadda aka koya mata a gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Bambo, tambayar nan ce dai ta bara. Matar cikin majigi ta ce zuciya tsoka ce. To ƙafa tsoka ce, tana gajiya. Hannuna ma ya gaji lokacin da nake haƙa rami. Me ya sa ita zuciya ba ta gajiya?"

Baturiya ba ta taɓa faɗin wannan ba. Sai hannun Bambo ya yi abin da ya saba yi in aka zo wuri mai wuya: ya ɗaga rimot, ya saita 'yarsa, ya danna. Tana nan tsaye. Ya sake dannawa. Kowa ya gani, iyaye sun gani, Nankhoma da ke leƙe ta tagar da aka buɗe ta gani. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi.

Mayi Chatsika ta cire tabarau ta goge. Ta yaba wa yaran, ta ce kawunansu na ja, wanda ya haddace wannan duka zai iya fahimtarsa in ya samu mai yi masa bayani. Ta ce wa Tiyamike tambayarta mai kyau ce, ta riƙe ta da kyau. Sannan ta juya.

"Bambo Kamwendo, malami na zo nema, kuma na same shi. Sai dai ya rasu ina kallo. Ina yi muku ta'aziyya."

Ta ci tuwon masara da kazar da aka dafa mata, ta yi wa mata godiyar waƙa, ta shiga mota. Kujerar Lilongwe ta tafi wata gunduma.

Bayan an watse, mun hango shi ta taga shi kaɗai a ajin. Ya zuge zif ya tuɓe wa marigayin rigar, ya ɗora shi a cinya, yana hura masa iska da baki. Jikin da sauran ɗumi. Mun ji yana cewa a duk makarantar nan shi kaɗai ne in ya taɓa shi yake haske. Wallahi tausayi ya kama mu, ya kuma riƙe mu har lokacin da aka buga ƙarfen tashi.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, kwamfuta, wadda dama takan ɗauki rabin darasi kafin ta farka, yanzu kuma ba ta da wanda za ta farka dominsa. Ya bar tagwayen lasifika, ɗaya kurma tun wata damina. Ya bar doguwar waya mai faci bakwai, da maraya rimot, wanda har yanzu yana aljihun Bambo, an ce yakan laluba shi in matarsa ta fara magana. Ya bar Baturiya a kulle cikin kwamfuta, bakinta buɗe a tsakiyar jimla. Ya bar farin ƙyalle, wanda Nankhoma ta zo da kanta ta naɗe ta mayar gida, ta ce ko da ramukan ƙusa nata ne. Rigar ankon ma ta karɓa, da ƙunar a kan zakara, ta ce rabonta ne, za ta riƙa sauke tukunya da ita. Tana nan tana kwance ɗaurin kaya, ta kuma aika wa ƙaninta ya dawo da garma, ya ce kyauta ba ta komawa, amma zai iya ba da aro. Ya bar ɗalibai masu yawa da suka san hanyar jini kamar addu'ar coci, ba su san ko a wane gefen ƙirji za su dafa ba. Daga ƙarshe ya bar uba, wanda ya ba shi ci da sha da ɗakin kwana, ya hana kowa taɓa shi, ya kuma ɗinka masa likkafani da ransa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a harabar makaranta. An riga an shimfiɗa ganye a kan hanya, alamar makoki, masu keke su sauka su tura, masu hula su cire. Ba a buƙatar akwatin gawa, kwalin da ya zo a ciki yana nan, Bambo ya adana shi fiye da takardun haihuwar 'ya'yansa. Ba a buƙatar masu haƙar kabari, saboda haka kada su zo suna jiran kazar ladansu. Kaburbura suna nan a bayan makewayi, sun fi ƙarfin mamaci ɗaya. Shugaban makaranta ya zagaya ya duba, ya zaɓi wanda ya fi zurfi da kyawun gefe, aka tambaya na wane ne, aka ce na Tiyamike. An nemi izininta, ta ce ba komai, ai ɗan'uwanta ne, kuma Bambo da kansa ya duba aikin ya ce ya yi. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, shi kuwa har cewa ya yi a ƙara.

'Yan ajin ƙarshe ne za su yi waƙar rakiya, kuma sun ce ba sai sun yi gwaji ba. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da garin masara ko itace, gidan akwai. Wanda ya ga dama ya riƙo alli, ko guntu ne, za a tara a ƙofar gida a kwano.

Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba kada ya damu. Ranar Litinin, darasin farko, Bambo Kamwendo ne da 'yan ajin ƙarshe. Tagogi a buɗe suke, an raba bargunan, yaran kuma sun gano cewa yanzu ɗaga hannu ba ya jawo rami, an ce tun jiya suke tara tambayoyi. Tiyamike ta koma bencin gaba, tata tana nan ba a amsa ba. A nan za a fito da gawa ta biyu, a tsaye, da alli a hannu, kuma ana gayyatar kowa.